Bijimin da Ya Koma Bakura a Guje

Na san akwai waɗanda za su karanta wannan su ce tsufa ya fara taɓa ni, amma zan faɗe shi yadda yake. A wata ranar Talata, wani bijimi ya tashi daga Talata Mafara ya nufi Bakura da gudun da ya fi na motar haya, mutum fiye da ɗari biyu suna kallon tafiyarsa a jikin bango, alhali a daidai wannan lokaci rabinsu suna sakace namansa daga haƙoransu. Ba don nishaɗi kaɗai na ɗauki alƙalami ba. An daɗe ana yawo da sunan Hajiya Hauwa'u ta Bakura a cikin wannan magana, ana cewa wai da saninta aka yi, matar da ta shekara talatin da biyu tana shugabantar makarantar 'yan mata ba a taɓa jin ta da abin faɗa ba. Ya kamata a rarrabe wanda ya yi da wadda aka yi wa.

Wanda ya yi sunansa Nazir, ɗan marigayi ƙanen Hajiya ne. Gidansu gidan fawa ne kaka da kakanni, amma shi tun yana ƙarami ya bayyana cewa hannunsa bai dace da wuƙa ba, ya dace da nuni. Ita kuwa Hajiya tana da 'ya mai suna Gimbiya, wadda ta karanta aikin lantarki, mai yawan shiru. Ita ce ta zauna a ɗakinta ta harhaɗa wata 'yar na'ura kamar kwalin ashana, wadda in an ɗaura ta a gindin ƙahon saniya, mai ita zai ga inda take a kan taswira cikin wayarsa. A ƙasar da ɓarayi ke kore garke ɗungurungum, wannan ba ƙaramin tunani ba ne.

Nazir ya gani, ya ce, "Baiwata, ke kin iya haɗa wayoyi, ni na iya haɗa mutane. Ki bar mini sauran."

Da yake taubasai ne, Gimbiya ta ce, "Na bar maka, ubangijina. Ka dai riƙa tuna wane gefe ne sama."

Da wannan na'ura ya sami shiga wata cibiya a Kaduna, irin waɗanda ke renon sababbin kamfanoni har su haɗa su da masu zuba jari. Mako shida ya yi. Ya dawo da kwat mai ruwan toka, da agogo mai ƙara, da katuna cike da jaka waɗanda aka buga wa "Nazir, Shugaba kuma Mai Hangen Nesa, Kamfanin Idon Garke". Ya kuma dawo da darussa uku da yake karanta wa duk wanda ya yi kuskuren zama kusa da shi. Na farko, duk maganar da ta wuce minti ɗaya asara ce, don haka ya saita agogonsa ya riƙa kuka in minti ya cika. Na biyu, kada taro ya wuce ka. Na uku, in ka ƙoshi da tarukan mutane, ka kira naka.

Ya fara da darasi na biyu. A wani suna a Jangebe ya cusa katunansa cikin farantin goro, dattawa suka ɗauka suka yi ta kankare laka daga takalmansu da su. Da ya ji an yi rasuwa a Kaya, ya hau babur ya tafi. Ya durƙusa gaban babban ɗan mamacin, ya danna agogo, ya ce, "Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta. Shanun da ya bari, a hannun wa suke yanzu?" Mutum biyu ne suka raka shi har wurin babur ɗinsa, ɗaya ya riƙe masa, ɗaya ya tayar masa, ba don girmamawa ba.

"Kasuwar Kaya ba ta nuna ba tukuna," in ji Nazir da aka tambaye shi.

Daga nan ya nufi Maradun wurin Hamma, wani dattijon makiyayi wanda in ya ce wa makiyayan yankin abu yana da kyau, sun karɓa ke nan. Ya same shi a inuwar wata tsamiya, ya yi sallama, ya danna agogo.

"Maraba," in ji Hamma. "An zo lahiya?"

"Lafiya lau. Baba, ko ka san cewa..."

"Ya hanya?"

"Alhamdulillahi. A kowace shekara..."

"Ya mutanen Mafara? Ya gida? Ya iyali? Ya gajiya?"

Agogo ya yi kuka.

Hamma ya dube shi da tausayi. "Abin hannunka na kuka. Ko yunwa shika ji?"

Nazir ya sake dannawa, wannan karon ya tsallake gaisuwa ya zuba jawabinsa tiryan-tiryan ba numfashi, ya ƙare daidai da kukan agogo, ya yi murmushin wanda ya ci jarrabawa. Hamma ya jira ya tabbata ya gama, sa'an nan ya ce, "Madalla. To ya ruwa wajenku?"

Sai da suka ci rabin awa kafin a kai ga na'ura. Nazir ya zaro takarda ya ce, "Yanzu, Baba, shanu nawa gare ka?"

Makiyayan da ke zaune a wurin suka dubi juna.

"Yaro," in ji Hamma, "mutum biyu ka yi muna wagga tambaya, mai jangali da ɓarawo. Jangali an daina tun kana ciki. Kai naka nawa ka ɗaura ma abin?"

"Ni Shugaba ne, Baba, ba na kiwo."

"To ranar da munka gan shi ga ƙahon sa mai rai, mu yi magana."

A makon ne aka bugo masa waya daga cibiyar, aka ce wata jami'arsu, Malama Zuhura, za ta zo ta ga aikinsa da idonta, kuma abin da ta gani shi za ta kai wa masu zuba jari. Nazir ya ga lokacin darasi na uku ya yi. Ya kama ɗakin taro na haya a Talata Mafara, ya sa ranar kasuwa, ya aro majigi. Abu ɗaya ya rage, wato sa.

Hajiya Hauwa'u tana da bijimi, fari, mai tozo kamar tulu, wanda ta rena shekara uku tun yana maraƙi, da dusa da harawa da kanwa, da niyyar ta yi layya da shi a madadin mutum bakwai na gidanta. Sallah saura wata biyu. Duk Bakura an san bijimin nan, har mahauta kan biyo ta ƙofar gidan don su gan shi su haɗiyi yawu.

Nazir ya durƙusa gabanta, kuma ya yi hikimar cire agogonsa ya sa a aljihu.

"Gwaggo, rabin yini kawai. Zai tsaya a bayan ɗakin taro yana cin harawarsa, mu gan shi a taswira, a jawo shi a tafa, a dawo miki da shi."

"Na koyar da yara dubbai," in ji Hajiya, "kuma na san fuskar wanda bai yi aikin gida ba. Ita ce a gabana."

"Gwaggo, dabbar da ke ɗauke da na'urata, ko ƙuda ya sauka a kanta sai na sani."

Gimbiya ta yi tari a kan kalmar "na'urata". Don ita ne Hajiya ta sassauta, ba don shi ba, kuma wannan ya kamata masu surutu su riƙe.

"Ka dawo mini da shi kafin la'asar yana tafiya da ƙafafunsa huɗu," in ji ta. "In ba haka ba, za ka tuɓe kwat ɗin nan ka rena mini wani da hannunka, daga maraƙi har ya kai girman wannan. Ka yarda?"

"Na yarda, Gwaggo, har na ƙara da kaina a kai."

"Kanka ba ya layya. Ka riƙe abinka."

Katin gayyata ya kwafo shi ne daga wanda ya gani a Kaduna, har da layin ƙarshe mai cewa akwai abinci da abin sha. Da aka ce masa mutanen nan ba sa amsa takarda tsurarta, sai ya haɗa kowane kati da goro biyu, ya raba daga Mafara har Maradun. Abin da ya tanada na baki kuwa, ruwan leda ne da kwalin biskit biyu.

Ranar Talata da hantsi aka sauke bijimi daga a-kori-kura, na'ura tana ƙyafta koriyar fitila a gindin ƙahonsa na dama. Mutane sun riga sun cika harabar, domin goro ba ya kiran mutum ya ƙi zuwa. Cikin waɗanda suka yi sammako har da Maiwada, babban mahauci, aminin mahaifin Nazir, tare da mutanen rumfarsa. Ana cikin haka wayar Nazir ta yi ƙara: Malama Zuhura ta iso tasha. Ya waiga yana neman wanda zai riƙe masa dabba, ya ga babu wanda ya fi Maiwada sanin sa. Ya danƙa masa igiya, ya ɗora masa ƙullin goron da ya rage don hannunsa ya huta, ya danna agogo.

"Ɗana, an tashi lahiya?" in ji Maiwada. "Ya Gwaggonka? Ya ƙahwahunta, sun yi sauƙi? Ya mutanen Bakura? Ya..."

Agogo ya yi kuka.

"Baba, minti ya cika," in ji Nazir, ya haye babur.

Maiwada ya tsaya da igiya a hannun dama, goro a hannun hagu. Ya dubi jama'a fiye da ɗari biyu. Ya sa aka karanta masa kati, ya ji layin ƙarshe. Ya zagaya bayan ɗakin taro bai ga tukunya ko ɗaya a kan wuta ba, sai kwalin biskit biyu. Shekara arba'in yana fawa, ba a taɓa miƙa masa igiya da goro a safiyar taro don ya kai dabba shan iska ba. Ya kuma gane bijimin sarai.

"Allah ya saka ma Hajiya," ya ce wa mutanensa, idonsa ya ciko. "Ta ba da san layyarta don ta ruhe ma ɗan ƙanenta asiri. Ku kawo wuƙaƙe."

Shi kuwa Nazir bai yi gaggawar dawowa ba. Sai da ya zagaya da Malama Zuhura gari, ya nuna mata filin da za a gina hedkwatar kamfani nan da shekara biyar, wanda a lokacin ake shanyar barkono a kansa. Da suka iso wajen sha biyu, ƙamshi ne ya tare su tun daga titi. Ga tsire, ga balangu, ga farfesu yana tafasa, jama'a sai sa wa Nazir albarka suke yi.

"Wa ya ɗauki nauyin wannan duka?" in ji Malama Zuhura.

Nazir bai sani ba, amma rashin sani bai taɓa hana shi amsa ba. "Abokan hulɗa, ranki ya daɗe. In mutum ya iya ƙulla sanayya, abinci da ƙafarsa yake zuwa." Ya karɓi tsinke biyu ya ci, ya lumshe ido. "Wannan dabba ta sami kiwo. A gaya wa mai ita Shugaba ya yaba."

A al'adar mahautan nan, wanda ya ba da dabba don taro shi ake aika wa kai, alamar godiya. Maiwada ya ga 'yar na'urar a gindin ƙaho, ya ɗauka laya ce Hajiya ta ɗaura don maganin bakin mutane, ya ce kada a taɓa. Aka sa kai a buhu, aka ɗaure a bayan babur ɗin Shehu ɗan kabu-kabu, mutumin da bai san ana rage gudu ba sai in mai ya ƙare.

A cikin ɗaki, Gimbiya, wadda ta zo daga Bakura ta wuce kai tsaye wurin haɗa majigi, ta kunna kwamfuta. Nazir ya karɓi lasifika. Mutumin da ba ya ba kowa fiye da minti ɗaya ya yi minti arba'in yana bayanin yadda tunanin ya zo masa. Gimbiya ta dubi allonta, ta ɗaure fuska, ta jawo gefen kwat ɗinsa.

"Baiwata, ki bari Shugaba ya ƙare." Ya juya ga jama'a. "Yanzu a bayan ɗakin nan akwai bijimi. Ba ku ganinsa, amma ni ina ganinsa. A haska."

Aka haska taswira a bango. Ga ɗigon kore, amma ba a bayan ɗaki ba. Ya fita gari, yana kan hanyar Bakura, yana tsere kamar an biyo shi.

Nazir ya tuna ƙafafu huɗu. Sai kuma ya ga idon Malama Zuhura a kan bango, ya ga ashe ba masifa ba ce, talla ce Allah ya kawo masa kyauta.

"Jama'a, an sace shi," ya ce da murya mai nauyi. "A gabanku, da rana tsaka. Da jiya ne, da shi ke nan. Amma yau akwai Idon Garke."

"Sa ba shi gudu hakanan," in ji Hamma daga sahun gaba, da tsinken tsire a hannunsa.

"A mota suka sa shi, Baba. Duk mai babur ya biyo ni."

Maganar satar shanu ba wasa ba ce a wurin mutanen nan. Kafin a ce haka, babura sun fi arba'in a kan hanya, makiyaya da sanduna, Nazir a gaba yana kallon waya yana nuni da hannu, Malama Zuhura da Gimbiya a baya cikin motar da aka tare musu. Maiwada yana wanke wuƙaƙe ya ji ana cewa ɓarayi, ya zari mafi tsawo ya ɗare bayan wani. "San wa anka sata?" yake ta tambaya, ƙarar babura ba ta bari kowa ya ji shi ba.

Ɗigon ya shiga Bakura, ya karya kwana biyu, ya tsaya cak. Nazir ya dubi wurin da kyau, ya ga ƙofar gidan Gwaggonsa ce.

"Sun zo kwashe sauran," ya ce. "A kewaye gidan."

Aka kewaye. Nazir ya faɗa zaure, jama'a na dannowa a bayansa. Hajiya Hauwa'u tana zaune a kujerarta. A gabanta akwai babban faranti, a kan farantin akwai kan bijimi, koriyar fitila tana ƙyaftawa a gindin ƙahonsa na dama. Shehu yana durƙushe a gefe, bai ma gama isar da godiyar Maiwada ba.

Masu cewa ta yi kururuwa ƙarya suke yi. Tabaranta kawai ta gyara.

"Nazir," ta ce, "na ce ƙafafu huɗu. Ina suke?"

"Suna cikin tukunya, Hajiya, ba su nuna ba tukuna," in ji Maiwada, wanda ya kutso yana haki, wuƙa a hannu. "In sun nuna a kawo maki. Allah ya ƙara arziki, kin hidda mu kunya. To ina ɓarayin?"

Maiwada ya dubi kan, ya dubi fitilar, ya dubi wayar da ke hannun Nazir, ya mayar da wuƙarsa kube a hankali.

"Baba," in ji Nazir da 'yar murya, "riƙewa na ba ka."

"Ka ba ni igiya, ka ba ni goro, ka tara mutane da alkawalin abinci, ba ka aza tukunya ba. Ɗan mahauci kake, mi kaka son in yi da shi, in yi mai wanka?"

"Ai da ka tambaye ni."

"Ina hanyar tambaya agogonka ya yi kuka. Mu nan sai an ƙare gaisuwa aka tambaya."

Wani daga baya ya ce ai Shugaba ma ya ci tsinke biyu, har ya yaba kiwon. Dariya ta fara daga ƙofar zaure ta bi layi har ta kai ga waɗanda ke gadin bayan gida da sanduna.

Nazir ya yi yunƙurin ƙarshe. Ya gyara kwat ya fuskanci baƙuwarsa. "Ranki ya daɗe, duk da haka kin ga na'urar ta yi aiki."

"Ta yi, har bakin ƙofa," in ji Malama Zuhura, wadda ita ma ta ci nata rabon kuma ba ta iya haɗa ido da farantin. "Batirinta kwana nawa yake yi? In saniya ta shiga inda babu sabis fa?"

"Wannan tambaya ce ta ƙananan ma'aikata."

"Kwana arba'in," in ji Gimbiya. "In babu sabis tana ajiye hanyar da aka bi, ta aiko da zarar ta samu. Ruwan sama ne bai gama yi mini daɗi ba, ina kan gyara marfin."

Malama Zuhura ta dube ta, ta zaro littafinta, ta juya wa kwat mai ruwan toka baya. Hamma ya matso yana dogara sanda.

"Ɗiyata, ki taho Maradun ki gaishe mu, mu gwada ga shanu biyar." Ya waiwayi Nazir. "Kai kuwa, sa mai rai na ce maka."

Hajiya ta jira aka yi shiru, kamar yadda ta saba jira a filin makaranta.

"La'asar ta yi," ta ce. "Tuɓe."

Ya tuɓe a gaban mutanen gari uku. Gimbiya ta karɓi kwat ɗin ta ninke da ladabi, ta ce, "Sannu da aiki, ubangijina."

Hajiya ba ta ɗanɗana ko tsoka ɗaya ba. Kan ma maƙwabta ta ba, ta yi layyarta da rago a shekarar, ba ta nemi komai daga Maiwada ba, domin ta ce mutumin ya yi abin da ya gada ne. Gimbiya ta tafi Kaduna a madadin kamfanin, wanda ta sauya wa suna tun a mota. Maraƙin kuwa ja ne, mai cin tsiya, yanzu watansa goma sha huɗu a hannun Nazir, saura ashirin da biyu in ya yi ƙiba da wuri. Kullum da safe za a gan shi ya nufi fadama da lauje da buhu. Da Hajiya ta ji labarin ya fara ratsewa gidajen suna yana gaya wa mutane cewa yanzu ya shiga harkar kiwon zamani, sai ta sa aka ɗinke na'urar nan ta gindin ƙaho a bakin buhun ciyawarsa. Tana zaune a kujerarta take ganin ɗigon kore, in ya karkata wajen taro ta buga masa waya.

Wanda ya ga kamar na ƙara gishiri, ya je kasuwar Mafara ranar Talata, layin mahauta, ya nemi rumfar Maiwada. Ƙahon, wanda ya karɓo daga maƙwabtan Hajiya, yana rataye a kan ƙofa, da shaidar inda aka ɗaura na'ura. Zai ba da labarin daga igiya har faranti, da sharaɗi ɗaya: a gama gaishe shi tukuna.